Keken Tsere Mai Birkin Faifai da Giyar Batir a Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi

Duk Asabar idan muka tsaya shan ruwa bayan zagayen asuba, kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga waɗanda suka sayi keken tsere na zamani ko suke shirin saye. Wani an aiko masa da nasa daga waje a kwali, wani na hannu ya samu, sai a wayi gari birki yana kuka ko giya ta ƙi shiga, ga shi mai gyaran keken unguwa bai taɓa kwance irinsa ba. Na tattara tambayoyin na amsa su gwargwadon abin da na gani a hanyoyin garin nan. Keken ba shi da raki kamar yadda ake tsoro. Abin da ya fi kashe shi a wurinmu shi ne a yi masa irin gyaran da muka saba yi wa Raleigh da Phoenix na iyayenmu.

Mene ne birkin faifai, kuma da me ya bambanta da wanda muka saba?

Birkin da muka taso da shi roba biyu ne ke matse gefen wili. A wannan kuwa an ɗaura wani siririn faifan ƙarfe a tsakiyar wilin, mai faɗin milimita 140 ko 160, takalman birki biyu ke kama shi. A kekunan da ke da giyar batir, galibi mai ne ke kai ƙarfin hannunka zuwa takalman ta cikin siririn tiyo, kamar dai na mota. Shi ya sa yatsa biyu sun isa ka tsaya cak idan mai Keke Napep ya yanko gabanka a Ahmadu Bello Way.

Amfaninsa ya fi bayyana idan ƙasa ta jiƙe. Robar da ke kama gefen wili sai ta fara share ruwa kafin ta riƙe, a wilin kabon (wani abu marar nauyi da ake ƙera kekunan tsere da shi maimakon ƙarfe) ma abin ya fi muni, shi kuwa faifai yana kamawa nan take. Ba ya cin gefen wili, kuma yana bar wa firam sararin ɗaukar taya mai faɗi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta shi a tseren kwalta daga 1 ga Yulin 2018, tun daga nan kusan duk sababbin kekunan tsere masu daraja da shi suke zuwa.

Giyar batir fa? Ke nan keken lantarki ne mai tafiya da kansa?

A'a, ƙafarka ce injin. Batirin ba ya tura keke ko taku ɗaya, aikinsa kawai matsar da sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan. Akwai na'urori biyu masu wannan aiki, ɗaya a gaba kusa da feda, ɗaya a baya. A nan zan riƙa kiran su masauyin gaba da masauyin baya. A da waya ce ke jan su, yanzu ƙaramin mota ne a cikin kowanne, kai dai ka taɓa maɓalli a jikin hannun birki.

Abin ba sabo ba ne. Kamfanin Mavic na Faransa ya gwada tun 1992, amma bai zauna da gindinsa ba sai da Shimano na Japan ya fito da Di2 a 2009. Campagnolo na Italiya ya biyo da EPS a 2011, SRAM na Amurka kuma ya bayyana eTap marar waya a 2015. A 2021 Shimano ya koma haƙora 12 a baya a kekunan tsere, wato giya 12 a jere a wilin baya, a 2022 ya sauko da Di2 zuwa ajin 105, wanda ya fi sauƙin kuɗi. Bambancin da ya shafe ka shi ne wannan: a Shimano batir ɗaya ne a ɓoye cikin firam ko sandar sirdi, yana ba masauyan biyu wuta ta siririyar waya. A SRAM kowane masauyi yana da ɗan batirinsa da ake cirewa da hannu.

Caji ɗaya yana kai kwana nawa? Kun san halin wutarmu.

Wannan ce tambayar da ta fi tsorata mutane, kuma ita ce mafi sauƙi. Shimano mai haƙora 12 yana yin kusan kilomita 1,000 da caji ɗaya. Daga Kaduna zuwa Zariya kamar kilomita 80 ne, ka ga ke nan zuwa da dawowa sau shida kafin ya nemi wuta. Batirin SRAM yana yin kamar awa 60 na tuƙi, kuma cikin awa ɗaya yake cika. Duka biyun ta USB ake yi musu caji, don haka sola, kwamfuta ko fawa-bank duk suna yi. Sai dai wasu fawa-bank suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, ka duba fitilar kafin ka tafi ka bar shi.

Akwai kuma ƙananan batura masu kama da kwabo a cikin hannuwan birki marasa waya. SRAM yana amfani da CR2032, irin na makullin mota, ana samunsa ko'ina. Shimano kuwa CR1632 ne, kuma shi ba kowane shago ke da shi ba, in ka gani ka sayi biyu ka ajiye. Sukan haura shekara kafin su mutu, shi ya sa ake mantawa da su.

Ni na ɗauki daren Juma'a ranar dubawa: in danna maɓalli, in ga fitilar batir kore ce ko ja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu biyu ke shanye batir a ɓoye. Na farko jingina keke a bango maɓalli ya danne har gari ya waye. Na biyu ɗaukar SRAM a mota, domin girgizar hanya tana tashe shi daga barci, don haka ka cire baturan kafin a kama hanya. Kuma a zafin Maris da Afrilu kada ka bar batir cikin motar da aka rufe a rana.

Idan batir ya mutu ina tsakiyar hanya, sai na tura keken?

Ba za ka tura ba. Sarƙa za ta zauna a giyar da take, ka ci gaba da tuƙi da giya ɗaya, birki kuma babu ruwansa da batir. A Shimano masauyin gaba ne ke fara tsayawa, na baya ya ci gaba na ɗan lokaci, to da zarar gaba ta ƙi amsawa ka juyo gida. A SRAM na baya ne ke saurin ƙarewa don shi ya fi aiki, sai ka ciro batirin gaba ka mayar baya, iri ɗaya ne.

Ruwan damina ba zai shiga ya ƙone na'urorin ba?

An yi su ne don ruwan sama, 'yan tseren Turai cikin ruwa suke wuni da su. Ruwan Agusta ba zai yi musu komai ba muddin murfin wurin caji a rufe yake, kawunan wayoyin kuma sun shige sosai. Abin da nake hanawa shi ne injin fesa ruwa na masu wankin mota. Ƙarfinsa yana tura ruwa cikin boris ɗin wili da na gindin feda, ya kore giris, bayan 'yan makonni ka fara jin gurnani. Bokiti, soso da tsumma sun wadatar. Kada ka kutsa cikin ruwan da ya kwanta a hanya har ya kai tsakiyar wili, ba don batir kaɗai ba, ba ka san ramin da ke ƙasa ba. Damina ta fi cin takalman birki, domin yashi da ruwa suna haɗuwa su zama kamar magogi. Duba amsar da ke maganar canza takalmi.

To hunturu fa, da ƙurarsa?

A nan giyar batir ta fi ta waya dacewa da mu. Ƙura tana shiga bututun waya ta sa giya ta yi nauyi, a yi ta saiti. Wannan kuwa babu bututun da ƙurar za ta shiga, in an saita shi sau ɗaya ya zauna. Sarƙa ce ke shan wahala daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Mai mai danƙo yana kama ƙura, su zama baƙin kwaɓi da ke cin haƙora. Da hunturu ka yi amfani da man sarƙa busasshe ko mai kakin zuma, da damina mai ɗan kauri. Baƙin man inji kada ya kusanci keken nan. Ka ɗiga man ɗigo-ɗigo a kan sarƙa, ka goge na sama da tsumma.

Ka nemi ɗan ƙarfen auna miƙewar sarƙa. A masu haƙora 11 da 12, idan ya nuna 0.5 a canza. Sarƙa ita ce mafi araha a jerin, in ka bar ta ta tsufa za ta tafi da haƙoran baya, wani lokaci har da na gaba.

Birkina yana ihu kamar an taka kare. Me ya jawo?

Ka fara lura da lokacin da yake yi. Idan cikin ruwa ne kawai, ya yi shiru bayan faifan ya bushe, wannan halinsa ne, babu matsala. Idan kuwa a bushe yake kuka, kuma kamun ya ragu, to mai ya taɓa faifan ko takalman. Wannan ya taɓa faruwa da ni: na bar keken wurin wani mai gyara ya duba min sarƙa, shi kuma cikin kyakkyawar niyya ya fesa mata man gwangwani, iska ta kai feshin kan faifai. Washegari na matse birki a gangara, keken yana ta tafiya. Tun daga ranar ban ƙara barin man feshi ya zo kusa da wilin baya ba.

Faifan ana goge shi da tsumma mai tsabta da sifirit irin wanda masu gyaran wayar salula ke wanke inji da shi. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da dizal, kuma kada ka riƙa kama shi da yatsu, maiƙon hannu ma yana ɓata shi. Takalman kuwa suna tsotse mai kamar soso. Wasu suna gogewa da samfefa, wasu suna gasawa a wuta, amma a ganina takalmin da ya sha mai ya gama aiki, a canza shi.

Sabon takalmi ma yakan yi kuka in ba a zaunar da shi ba. Ka nemi shimfiɗaɗɗiyar hanya marar cunkoso, ka ɗan yi gudu, ka matse birki a hankali har ka kusa tsayawa, ka saki, ka maimaita kamar sau 15 zuwa 20 a kowane wili. Za ka ji kamun yana ƙaruwa a hannunka.

Faifan yana gogar takalmi, ina jin "shik, shik" duk juyi.

Tsakanin faifai da takalmi ɗan siririn fili ne, abu kaɗan ke sa su haɗu. Fara da sandar da ta ratsa tsakiyar wili, ka tabbatar ta ɗauru sosai. In bai daina ba, ka sassauta notin nan biyu da ke riƙe gidan birki, ka matse hannun birki, ka ɗaure su kana riƙe da shi. Idan a wuri ɗaya kawai yake gogawa, faifan ne ya ɗan lanƙwashe, ana miƙe shi a hankali da sifana mai tsabta, ba da guduma ba.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi sau ɗaya: an cire wili don a sa keke a but ɗin mota, yaro ya zo ya matse birki. Takalman za su haɗe, faifan ya ƙi komawa. Kada ka cusa sukundireba da ƙarfi, za ka farfasa takalmin. Ka tura su baya da abu mai faɗi na roba, kuma duk lokacin da ka cire wili ka soka 'yar robar da ke zuwa da birkin a tsakaninsu, ko ninkakken kwali mai tsabta.

Zan iya zuba man birkin mota?

Ka tsaya ka karanta wannan da kyau, don a nan ake tafka asara mafi girma. Man birkin keke iri biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Shimano da Campagnolo suna amfani da man ma'adinai na musamman, na Shimano launinsa ja-ja ne. Birkin SRAM na keken kwalta kuma man DOT 5.1 yake sha, DOT 4 ma yana yi. Man da ake sayarwa a shagunan kayan mota DOT ne. Ka zuba shi a Shimano, robobin da ke ciki za su kumbura su lalace, sai dai a sayi sabon hannu da sabon gidan birki. Haka ma man ma'adinai a birkin da aka yi don DOT. Sannan DOT 5 daban yake da 5.1, kada kamannin suna ya ruɗe ka. Yawanci an rubuta irin man a jikin hannun birkin ko gidansa, ka duba da idonka kafin kowa ya buɗe.

DOT yana tsotsar danshin iska, kuma yana cin fenti. Kwalbar da aka buɗe ta kwana cikin damina ba abin yarda ba ce, shi ya sa ake son a canza shi kamar sau ɗaya a shekara. Alamar iska ta shiga birki ita ce hannun ya yi laushi, yana nitsewa har ya kusa taɓa kan keke. Fitar da iskar yana buƙatar sirinji da mazurari na wannan kamfanin, kuma a cire takalman tukuna don kada mai ya zuba a kansu, in ba haka ba ka koma matsalar kukan da aka yi bayani a sama.

Yaushe ake canza takalmin birki da faifai?

Idan naman takalmin ya ragu zuwa rabin milimita, lokaci ya yi. Ka haska da fitilar waya daga sama za ka gani. Faifan Shimano yana zuwa da kaurin milimita 1.8, ana canza shi idan ya kai 1.5, kuma an buga iyakar a jikinsa. Takalmi iri biyu ne: na ƙaro, mai shiru da laushin kamu, da na ƙarfe, mai jure ruwa da yashi amma mai ɗan hayaniya. Don zirga-zirgar cikin gari na ƙaro ya isa, mai fita kullum da damina ya fi morar na ƙarfe. Ka dai duba, akwai faifan da aka rubuta masa cewa na ƙaro kaɗai yake karɓa.

Wace taya ta dace da hanyoyinmu?

Ka manta da siririyar tayar milimita 23 da aka san keken tsere da ita. Ka sa 28, ko 32 in firam ɗinka ya ɗauka. An gyara tituna da dama a cikin gari, amma ramuka, tudun rage gudu, yashin gefen kwalta da fasassun kwalabe suna nan, kuma da ka nufi Mando ko hanyar Kachia za ka gode wa taya mai faɗi. Mai nauyin kilo 70 ba ya buƙatar fiye da 60 zuwa 70 a ma'aunin PSI na famfo a tayar 28. Iska mai yawa ba ta ƙara gudu a hanya mai gargada, sai dai ta gajiyar da kai. Akwai wilin da bakinsa ba shi da ƙugiyar riƙe taya, shi iyakarsa PSI 72.5, kada a wuce.

Bakin iskar keken tsere siriri ne, injin mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Ka riƙe ƙaramin famfo da tub na ko-ta-kwana. Idan tayarka marar tub ce mai ruwan faci a ciki, ka sani zafinmu yana saurin busar da ruwan, ka riƙa dubawa duk wata biyu.

Keken ya faɗi, giyar baya ta ƙi motsi ko tana tsalle. Ta ƙone ne?

Da wuya. Masauyin baya na Di2 yana da dabarar kare kansa: idan ya sha duka sai ya saki motarsa don kada ta karye, kuma littafin kowane samfuri ya nuna yadda ake mayar da shi. Abin da ya fi lanƙwashewa shi ne ɗan ƙarfen da masauyin ke rataye a jikinsa, an yi shi da taushi da gangan don ya ceci firam. Ka tsaya a bayan keken ka duba ko ya karkata ciki. In ya karkata, kada ka hau babban haƙori, masauyin zai iya faɗawa cikin wili. Saitin manhajar waya, E-Tube ta Shimano ko AXS ta SRAM, yana gyara ƙaramar karkata ce kawai, ba ya miƙe ƙarfe. Ka saba kwantar da keken ta gefen hagu, sarƙa tana sama.

Wa zai gyara min shi a Kaduna, kuma ina zan sami kaya?

Masu gyaranmu suna da hannu, duk wanda ya taɓa shiga Panteka ya san abin da mutanen garin nan ke iya ƙerawa. Abin da ya rage musu kayan aikin wannan keken ne da sabo da shi. Shawarata ka zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa da sauraro, ka tsaya tare da shi, ku kalli littafin kamfanin tare, kai ka kawo kayan aikin. Ɗaure wili, faci da canza boris duk zai yi maka. Notin da ke kama kabon kuwa sai da sifana mai auna ƙarfi, galibi an rubuta adadin a wurin, kamar 5 Nm, domin kabon ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi.

Kayan nan da dala ake sayo su, daga Legas, Abuja ko ta hannun mai dawowa daga waje, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kada ka jira sai abu ya lalace. Ka ajiye takalman birki biyu-biyu, sarƙa ɗaya, ɗan ƙarfen rataye masauyi wanda ya dace da firam ɗinka, baturan kwabo da kwalbar man birkinka. In ku uku ne ko huɗu masu iri ɗaya, ku haɗa kuɗi ku sayi kayan fitar da iska guda. Ka yi hattara da jabun sarƙa da takalmi masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni a intanet, araha ba ta ado.

Ya cancanci kuɗinsa kuwa, ko in tsaya a giyar waya?

Birkin faifai ina ba kowa shawararsa, saboda damina da cunkoso. Giyar batir daɗi ce da sauƙin kulawa, amma ba ta ƙara wa ƙafa ƙarfi. In kuɗinka a ƙirge yake, ka sayi keke daidai tsayinka mai giyar waya, ka zuba ragowar a taya mai kyau, hular kwano da fitilu. Masu fita bayan sallar asuba sun fi buƙatar fitilar baya fiye da maɓalli.

Zan sayi na hannu. Me zan duba kafin in biya?

Fara da caja. Mai sayarwa ya ba ka ita, ku jona tare ka ga fitila ta kama. Ka hau, ka bi kowace giya sama da ƙasa, ka matse birki da ƙarfi ka riƙe na ɗan lokaci, in hannun yana nitsewa a hankali akwai yoyo. Ka duba firam a cikin hasken rana, musamman gindin sirdi, wuyan keke da ƙarƙashin feda, ko akwai tsaga ko sabon fenti a wuri ɗaya. Ka nemi shaidar mallaka da lambar firam.

Sai ka ƙirga haƙoran baya. Di2 na farko mai haƙora 10 kayansa sun yi wuya, ka bar shi. Mai 11 yana da kyau har yanzu, amma wayoyinsa daban suke da na mai 12, masauyansu kuma ba sa aiki tare. Haka masauyin eTap mai 11 ba ya haɗuwa da na AXS, tsarin SRAM mai 12. Firam ɗin da aka yi don birkin roba ba ya komawa na faifai, kowa ya ce zai mayar maka kada ka yarda. Idan hannun fedar Ultegra 6800 ko R8000 ne, ko Dura-Ace 9000 ko R9100, ka tuna a Satumban 2023 Shimano ya yi kiran a dawo da waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019 a duba su, saboda wasu suna rabuwa a wurin da aka manne su. Ka juya keken, ka bi layin mannin da ido da farce, in ka ga ya buɗe ko da kaɗan ne, a cire kuɗin sabo daga ciniki kafin ka hau shi.